Geron Watan Fabrairu

A Dodoru aka haifi Malam Ɗalha, a gidan masu duba ɓarna. Aikin gidan ke nan tun zamanin kakansa. Idan shanu suka faɗa gonar wani, mai gari ba ya cewa uffan sai ya tura Haruna, mahaifin Ɗalha, shi da wakilin arɗo, sun je sun taka gonar da ƙafarsu. Su bi sawu su ga ta inda aka shiga da ta inda aka fita. Su murza kashin shanun su san na jiya ne ko na shekaranjiya. Su ware karan da saniya ta karya da wanda iska ta kwantar, don akwai manoman da iska ba ta taɓa yi musu ɓarna sai in akwai garke a kusa. Sai sun dawo da ƙarangiya a ƙafar wando sannan ake buɗe baki. Da Haruna ya rasu ba wanda ya zauna ya naɗa Ɗalha. Kawai dai ranar da shanu suka sake shiga wata gona, ƙofar gidan aka buga, shi kuma ya fito.

Aikinsa na albashi koyarwa ne. Shekara ashirin da ɗaya ya yi yana koyar da lissafi a aji huɗu na firamare, yana noma gero da wake a bayan gari, yana duba ɓarna a kan goro biyu da godiya. An shaide shi da abu biyu: ba ya ƙarya, ba ya kuma sauri. An taɓa tambayarsa ko an yi ruwa a Gwandu, ya ce ya ji an ce an yi, ya kuma ga wani ya fito daga can da riga sharkaf, amma shi dai bai je ba.

Abin da ya kai shi karatun lauya bai ci minti biyar ba. Wata rigimar gona ta fi ƙarfin zauren mai gari ta kai kotu, aka kira shi shaida. Ya tsaya ya fara bayanin sawu, sai wani matashin lauya cikin baƙar riga ya miƙe ya tambaye shi wace takarda yake da ita ta duba ɓarna. Ɗalha ya ce babu. Lauyan ya ce ya gode, ya zauna. Ɗalha ya jira a ci gaba da tambayarsa, sai ya ga magatakarda yana yi masa nuni da ya sauka. A hanyar komawa gida bai yi fushi ba, don bai gane abin da aka yi masa ba tukuna. Sai bayan kwana uku ya gane, ya ce wa matarsa Indo zai je ya samo takardar.

Sau uku ya zauna jarrabawar shiga jami'a, a ɗaki ɗaya da waɗanda shi ya koya wa biyu sau biyu. A karo na uku sunansa ya fito, yana da shekara arba'in da shida. Ofishin ilimi ya ba shi hutun karatu da sharaɗi ɗaya, a rubuce: ranar da ya faɗi darasi guda, ya dawo aji huɗu. Sharaɗin bai dame shi ba kamar abin da gari ya yi masa. Tun bai sayi jaka ba aka fara kiransa Barista, har liman.

"Malam," in ji Indo ranar da zai tafi jami'a a Kalgo, tana ɗaure masa garin kunu da ƙuli-ƙuli, "ka dai san mutanen garin ga. In ka dawo da takarda, Barista. In ka dawo ba takarda, Baristan dai, amma da wata murya ta daban. Har jikokinka sai sun gada."

Ya ce ya sani.

A Kalgo aka ce masa ɗaliban shari'a farar riga da baƙin wando suke sawa, a cusa rigar cikin wando, a ɗaura taye a wuya. Mutumin da tun aurensa ba a taɓa ganin ƙugunsa ba. Ranar farko da ya shiga aji, ɗalibai suka yi tsit suka buɗe littattafai, sai da ya wuce allo ya nemi benci ya zauna sannan aka gane. Daga ranar ya zama Baba.

Darasin da ya tsaya masa a wuya shi ne na harsashin karatun shari'a, inda ake koya wa sabon ɗalibi yadda ake karanta hukunci da yadda ake amsa tambaya irin ta lauyoyi. Dakta Halima Sadiya ce ke koyar da shi, mace mai magana a hankali, sa'ar autar gidan su Ɗalha. Turanci bai dame shi ba, yana da ƙamus. Abin da ake faɗa da Turancin shi ne matsalar.

Ta ce idan alƙali ya rubuta hukunci, wani sashe na maganarsa doka ne, wani sashen kuma hira ce kawai, kuma alƙalin ba ya sa alamar da za a san wanne ne wanne. Ɗalha ya rubuta. Ta ce dole ƙaramar kotu ta bi abin da babba ta yanke, ko da shekara sittin da suka wuce ne, a kan mutanen da ba ta taɓa gani ba. Ya ɗaga hannu.

"Malama, in ita babbar ce ta yi kuskure hwa?"

"Sai a bi kuskuren, Baba, har ranar da ta gyara."

Ya rubuta wannan ma, ya daɗe yana kallonsa. Ta ƙara da cewa a babbar kotu, alƙalin da bai yarda da 'yan uwansa ba shi ma yana rubuta nasa, a buga a littafi, ɗalibai su karanta, wani lokaci ma nasa ya fi kama hankali, amma ba a aiki da shi. A nan Ɗalha ya ajiye biro, don ya ga littafin rubutunsa ya fara kama da na wanda ba shi da lafiya.

A gwajin farko aka ba su hukunci mai shafi goma sha biyu su taƙaita, su fitar da abin da ya shafi shari'ar su zubar da sauran. Taƙaitawar Ɗalha ta zo shafi goma sha biyar. Bai iya zubar da komai ba, ya kuma ƙara tambayoyin da alƙalin ya manta bai yi ba: ko masu shari'ar suna da dangantaka, ko an taɓa haɗa su a zaure kafin a zo kotu, wa ya fara daina gaida wani. Ya samu biyu cikin goma. Dakta ta rubuta a ƙasa cewa rubutun hannunsa yana da kyau.

Malamin lissafi ne, bai buƙaci wani ya yi masa lissafin ba. Saura jinga, wato aikin gida mai maki talatin, sai jarrabawa. In jingar ta bi hanyar da gwajin ya bi, to ya fara neman inda ya ajiye allinsa.

A farkon watan Maris aka raba takardar jingar. Tambaya ɗaya ce. Garba manomi ne a Ceberu. Ranar goma sha biyu ga Fabrairu shanun Ashiru suka tsallake shinge suka cinye geron Garba, wanda ya riga ya fitar da kai. Ashiru ya ce barci ne ya ɗauke shi. Ka ba Garba shawara. Dakta ta sa sunayen gida ne don tausayi, saboda ɗalibai sun yi ta ƙorafin sun gaji da mutanen da sunansu harafi ɗaya ne, masu zama a garuruwan da ba a iya furtawa. Ceberu kuwa a jikin wata motar haya ta gani, sunan ya yi mata daɗi.

Sauran ɗalibai suka nufi laburare. Ɗalha ya karanta takardar sau uku, ya ji sanyi a ransa, karo na farko tun zuwansa Kalgo. Yau dai an zo inda ya sani. A Ceberu gwaggonsa ta yi aure, ɓarna kuwa a cikinta ya tashi. Abin da ya ba shi mamaki kawai shi ne yadda ajin duka, mutum tamanin da wani abu, ke shirin ba Garba shawara ba tare da ko ɗaya ya tambayi hanyar Ceberu ba. Ya ɗauka yarinta ce. Ranar Juma'a bayan masallaci ya hau mota.

A Dodoru ya kwana. Indo ta gan shi ba zato, ta dafe ƙirji.

"Har an koro ka?"

"Aiki anka ba mu. Ɓarna anka yi Ceberu."

"Su can jami'ar duk ba su da mai dubawa sai kai?"

"Da alama," in ji shi, yana ƙoƙarin kada ta ga yadda maganar ta yi masa daɗi.

Da hantsi kabu-kabu ya sauke shi a ƙofar mai garin Ceberu. Aka gaisa, aka tambayi mutanen Dodoru ɗaya bayan ɗaya, aka yi wa gwaggonsa addu'a, sannan ya fito da takardar.

"Allah shi daɗe da ranka, Garba nike nema, wanda shanu sunka ci ma gero."

"Wane Garba?"

Takardar ba ta faɗa ba. Ya duba bayanta, ba komai. Mai gari ya ƙirga da yatsu, Garba huɗu ne a Ceberu. Ɗaya ya rasu bara waccan. Ɗaya yana Ikko yana sayar da albasa, rabonsa da fartanya tun mulkin soja. Ɗaya maƙeri ne. Sai Garba Dogo, shi ke da gona a bakin burtali, hanyar da shanu ke bi. Ashiru kuwa guda ne tak a garin, tela. Aka aika aka kira su duka biyun.

Tela ya zo da tef a wuya. Da aka fassara masa takardar, ya dubi mai gari, ya dubi Ɗalha.

"Shanu? Ni? Malam, da ina da shanu ka ishe ni bisa keke ina ɗinke ma mutane hammatar riga? Tunkiya guda ce gidana, ita ma ta matata ce."

"An ce barci ya ɗauke ka."

"Barci kam ina yi. Wanga ban musu ba."

Ɗalha ya rubuta cewa wanda ake tuhuma ya amsa rabin magana.

Garba Dogo da farko ya ce shi ba abin da ya same shi, lafiya lau ya girbe geronsa ya kai rumbu. Sai idonsa ya kai kan takardar, da tambarin jami'a a samanta.

"Tsaya. Wanga abu a rubuce yake?"

"A rubuce."

"Da sunana?"

"Da sunanka."

Garba Dogo ya gyara zama. Ya ce yanzu da aka faɗa, lalle akwai wata safiya da ya ga kamar sawu. Ya ce kuma geron bana bai auku yadda ya zata ba, ya daɗe yana mamaki. Tela ya ce Allah ya isa. Mai gari ya ce a tafi gonar.

Suka tafi, rabin gari na biye da su. Ɗalha ya tuɓe takalmi ya taka gonar daga kusurwa zuwa kusurwa. Shinge babu, ba a kuma taɓa yi ba. Sawu kam akwai, na shanu, na awaki, na jaki, na kowa, har da garke guda kwance a tsakiyar gonar yana tuƙa, wanda Garba Dogo da bakinsa ya roƙi makiyayin ya kwana uku a nan saboda taki. Ɗalha ya tsaya a fili fetal, ba ko kara ɗaya a tsaye, ya sake buɗe takardar. Sai a lokacin idonsa ya sauka a kan watan. Fabrairu. Gero ya fitar da kai a Fabrairu, wata huɗu bayan an kai na kowa rumbu, bayan mai gari ya daɗe da yin shelar sakin gonaki, lokacin da saniya ke shiga inda ta ga dama a yi mata sannu da zuwa. Shekara arba'in yana noma, amma ya hau mota biyu da kabu-kabu bai lura ba, saboda abin da inji aka buga shi.

Ya koma Kalgo kansa ya fi na tafiya nauyi. Ya rasa wanda ya je ya yi wa jami'a ƙarya, da kuma dalilinsa. Ya zauna ya rubuta shafi tara, da taswirar gonar, da sa hannun mai gari, da dangwalen tela. Ya nuna babu shinge, babu shanu, babu gero, kuma ko da akwai shanun, an riga an saki gonaki. A wurin shawara ya rubuta layi ɗaya, cewa Garba ya ji tsoron Allah.

Bayan mako guda aka ce Dakta na nemansa a ofis.

Ya same ta da takardunsa a gabanta, ta buɗe wurin taswirar. Ta nuna masa kujera. Ya zauna.

"Baba, ka je Ceberu?"

"Na tahi, Malama."

"Baba, babu Garba."

"Akwai. Huɗu ne, guda ya rasu."

"Wannan Garban nake nufi. Ni na ƙirƙire shi, a kan teburin nan, ina shan shayi. Shi da Ashiru da shanun duka."

Ɗalha ya dubi teburin.

"To shi Garba Dogo da ya ce ya ga sawu?"

Dakta ta cire tabarau ta murza idanu. Ta ce a wannan darasin, duk abin da aka rubuta a tambaya ya faru. In an ce gero ya fitar da kai a Fabrairu, to ya fitar. Ta yarda watan kuskurenta ne, a birni ta tashi, a buhu ta san gero. Amma ɗalibi ba bincike aka sa shi ba. Aikinsa ya nemo abin da ake jayayya a kai, ya kawo dokar da ta shafe shi, ya ɗora ta a kan labarin, ya faɗi inda maganar za ta kwana. Matakai huɗu. Ranar bin sawu tana nan zuwa, a shekara ta huɗu, in ya kai.

"Ko da abin bai auku ba, Malama?"

Ta ce bari ta ba shi misali. Kusan shekara ɗari da suka wuce, a Birtaniya, wata mata ta ce ta sha lemon kwalba ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a ciki. Magana ta kai kotu mafi girma a ƙasar, aka yanke hukuncin da har yau ake kafa hujja da shi, har a nan Najeriya. Kuma har yau ba a tabbatar akwai dodon koɗin ba.

"Ba wanda ya tahi ya duba kwalbar?"

"Ba a kai ga nan ba. Kotu ta ce a ɗauka akwai."

"Kuma shi za mu karanta?"

"Ba za ka fita jami'ar nan ba sai ka haddace shi."

Ɗalha ya ji kamar kujerar ta ɗan matsa a ƙarƙashinsa.

Ta ce maganar gaskiya, abin da ya kawo ba ta da inda za ta sa masa maki, sifili ne, kuma ya san abin da sifili ke nufi a gare shi. Ya ce ya sani. Ta dubi agogo. Ta ce tana da awa ɗaya kafin lakca. Ga takarda, ga tebur, tambayar dai ita ce, ya zauna ya amsa ta kamar bai taɓa jin sunan Ceberu ba.

Ya zauna. Dokar ya san ta, ya gan ta a littafi: mai dabba shi ke ɗaukar abin da dabbarsa ta ci a gonar wani, barci ba hujja ba ne. Wannan ko mahaifinsa zai sa hannu. Ya ɗora biro zai rubuta cewa shanun Ashiru sun ci geron Garba, sai ga tela a idonsa, da tef a wuya, da tunkiyar matarsa. Minti goma sha biyar suka wuce, takarda fara fat. Zufa ta jiƙa wuyan rigar.

"Malama, ba ni iya rubuta ƙarya bisa bawan Allah. Na san shi, mun gaisa hannu da hannu."

Dakta ta ɗago kai. Ya zaci za ta ce ya tashi. Sai ta jawo takardar ta rubuta rabin layi a sama ta mayar masa: idan abin da aka faɗa gaskiya ne.

"Fara da wannan. Lauyoyi da shi suke cin abinci."

Ya karanta. Ya juya shi ta kowane gefe kamar mai sayen akuya, bai ga inda ƙarya take ba. Bai ce an yi ba, bai kuma ce ba a yi ba. Ya yi mamakin a ce akwai irin wannan wuri a duniya, tsakanin e da a'a, kuma mutane na zaune a cikinsa da iyalansu. Ya fara rubutu. Don kada a samu matsala, ya sa rabin layin a farkon kowace jimla, sau goma sha tara. Ya kama Ashiru da laifi a shafi ɗaya da rabi, ya miƙa.

Ta karanta a gabansa, ta soke goma sha takwas daga cikin goma sha taran, ta rubuta maki goma sha bakwai cikin talatin. Ta ce taswirar kuma za ta riƙe, in bai damu ba.

A hutun da ya biyo bayan jarrabawa ya je Ceberu da baƙin yadi, ya ba tela ɗinkin wando biyu, bai yi ciniki ba, bai kuma faɗi dalili ba. Wandunan suka fito a ɗage, da su yake zuwa lakca har yau. Garba Dogo ya tare shi a hanya yana tambayar inda shari'arsa ta kwana. Ɗalha ya yi iya ƙoƙarinsa ya bayyana masa cewa Garba ya ci, amma ba shi ba, wani Garba ne wanda babu shi. Garba Dogo ya ce dama ya san za a yi haka, ya ce kuma ya bar su da Allah.

Ranar da aka liƙa sakamako, bayan an koma makaranta, ɗalibai suka yi cincirindo a gaban allon. Ɗalha ya jira sai da aka watse, ya je ya bi lambarsa da yatsa. Ya haye darasin Dakta da maki biyu a kan iyaka. Sauran ma ya haye, ba da nisa ba. Ya koma gindin wata bishiyar dogon yaro ya kira Indo a waya.

"An ce in ci gaba."

"Alhamdu lillahi! Wato dai yanzu ka gane shari'ar?"

Sai da ya auna tambayar tukuna.

"A'a," ya ce. "Ko kaɗan."

"To kan mi anka ba ka makin?"

"Shi nike son in tambaya, sai dai ina tsoron su sake dubawa."

Indo ta ce to ya kama bakinsa ya shiga aji. Ya sa wayar a aljihu, ya share zufa, ya nufi ɗakin lakca, inda Dakta ke jiransu da kashi na biyu na darasin.